Jarrabawar New Haven da ma'aunin da ba a bincika ba

A watan Nuwamba da Disamba na 2003, 'yan kwana-kwana 118 na birnin New Haven da ke jihar Connecticut a Amurka suka zauna jarrabawar ƙarin girma. Kujeru 15 ake takara a kansu, 8 na laftana, 7 na kyaftin. Mutum 77 ne suka nemi laftana: fararen fata 43, baƙaƙen fata 19, da 'yan asalin Latin Amurka 15. Sauran 41 suka nemi kyaftin, cikinsu fararen fata 25, baƙaƙe 8, 'yan Latin 8. Dokar birnin ta tanadi cewa duk gurbin da za a cike, sai an ɗauko mutum daga cikin ukun da ke saman jerin maki, don haka cin jarrabawa kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, sai ya fito a sahun farko. Da sakamako ya fito, mutum 10 da suka cancanci a duba su don kujerun laftana duk fararen fata ne. A ɓangaren kyaftin mutum 9 ne suka kai, fararen fata 7 da 'yan Latin 2. Baƙaƙen fata 27 suka zauna, 9 daga cikinsu suka ci, amma babu ko ɗaya da zai ɗaura sabuwar igiya a wannan zagayen, a birnin da baƙaƙe da 'yan Latin suka kusa kai kashi 60 cikin 100 na mazaunansa.

Hukumar kula da ma'aikatan birnin ta yi zama 5 tsakanin Janairu da Maris na 2004 tana sauraren jama'a. Ranar yanke shawara ƙuri'a ta tsaya 2 da 2, domin mamba ta biyar ta janye saboda ɗan'uwanta na cikin waɗanda suka zauna jarrabawar, kuma da haka sakamakon ya mutu. Wasu daga cikin waɗanda suka ci suka kai magajin gari John DeStefano da jami'ansa ƙara, a ƙarƙashin jagorancin Frank Ricci, mutumin da ke fama da larurar da ke sa haruffa su riƙa rikice masa wajen karatu. Ya shaida wa hukumar cewa yakan yi awa 8 zuwa 13 yana bita a kullum, kuma ya kashe sama da dala 1,000 wajen sayen littattafai da biyan wani ya karanta masa su a kaset. Ya zo na 6. Kotun tarayya ta farko ta ba birnin gaskiya a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2008 (cikin alƙalanta uku akwai Sonia Sotomayor, wadda shari'ar ta bi ta har gaban majalisar dattawa lokacin da Barack Obama ya zaɓe ta zuwa Kotun Ƙoli). A ranar 29 ga Yunin 2009 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Tun daga nan aka rabu gida biyu, masu ganin cancanta ta yi nasara da masu ganin an rufe wa baƙar fata ƙofa. A ganina duka biyun sun tsaya kallon ranar da sakamako ya fito, alhali adalci ko rashinsa a irin wannan jarrabawa an riga an yanke shi tun ranar da aka tsara abin da za a auna da yadda za a raba maki. A can ne birnin ya yi sakaci, a can ne kuma kotu ta ƙi tsayawa ta duba.

Kafin a ɗora wa birnin laifi, ya kamata a san irin dokar da ta ritsa da shi. Kashi na 7 na Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa ta 1964 ya haramta wa mai ɗaukar ma'aikata ya bambanta mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko jinsinsa, ko asalin ƙasarsa. Wannan a fili yake, wariya ce ta gangan. Sai dai masu son ci gaba da tsohon hali ba su rasa dabara ba. Kamfanin wutar lantarki na Duke Power a jihar North Carolina ya daɗe yana killace baƙaƙen fata a sashen leburanci, inda mafi girman albashi bai kai mafi ƙanƙantar albashin sauran sassa ba. A ranar 2 ga Yulin 1965, ranar da dokar ta fara aiki, kamfanin ya ƙara sharaɗin cin wasu gwaje-gwajen basira guda biyu a kan sharaɗin takardar sakandare. Babu inda aka ambaci launin fata. Amma ƙidayar 1960 ta nuna kashi 34 cikin 100 na fararen mazan jihar ne suka gama sakandare, baƙaƙe kuwa kashi 12, sakamakon shekaru na makarantun wariya. Da aka kai kamfanin ƙara, a shari'ar Griggs ta 1971 Kotun Ƙoli baki ɗaya, ta bakin babban alƙali Warren Burger, ta ce sharaɗin da ke tankaɗe wani jinsi fiye da wani haramun ne ko da ba a yi shi da mugun nufi ba, matuƙar mai aikin ya kasa nuna cewa sharaɗin yana da alaƙa da aikin da za a yi. Fararen da aka ɗauka tun kafin a sa sharuɗɗan, ba takarda ba gwaji, suna nan suna aikinsu lafiya har ana ƙara musu girma. Hujjar kamfanin ta rushe a nan.

A 1972 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da gwamnatocin jihohi da na birane, kuma majalisar dokoki ta ambaci hukumomin 'yan sanda da na kashe gobara a cikin wuraren da wariya ta fi kafuwa. A 1978 hukumomin tarayya suka fito da ma'aunin gane alamar matsala: idan yawan cin wani jinsi bai kai kashi 80 cikin 100 na yawan cin jinsin da ya fi kowa ba, to akwai abin tambaya. Wata doka ta 1991 ta rubuta ƙa'idar Griggs a cikin kundi ɓaro-ɓaro, sannan a cikin wannan dokar dai ta haramta gyara maki ko sa wa kowane jinsi nasa makin tsallakewa. Mai karatu a Najeriya zai lura da nisan da ke tsakanin wannan da abin da ya saba gani. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 14(3), ya wajabta raba muƙaman tarayya daidai tsakanin sassan ƙasa, har da hukuma ta musamman mai lura da hakan, kuma ba a ɓoye cewa makin shiga makarantun haɗaka na tarayya ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Amurka ta toshe wannan hanyar. Dokarta na so a kula da wanda jarrabawa ke kayarwa, ba tare da an taɓa makin kowa ba.

To ga New Haven da alƙalumanta. A jarrabawar kyaftin fararen fata kashi 64 cikin 100 suka ci, baƙaƙe da 'yan Latin kashi 37.5 kowannensu. A ta laftana fararen fata kashi 58, baƙaƙe kusan 32, 'yan Latin 20. Duk sun faɗi ƙasa da ma'aunin 1978 nesa ba kusa ba. Idan birnin ya amince da sakamakon, baƙaƙe za su kai shi kotu da dokar Griggs. Idan ya soke, fararen za su ce an hana su haƙƙinsu don launinsu. Gaba kura, baya sayaki. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce soke sakamako bayan an ga launin waɗanda suka ci wariya ce ta gangan, kuma tsoron ƙara kawai ba ya halatta ta. Sai in mai aikin yana da ƙwaƙƙwarar hujja cewa lalle zai sha kaye a kotu, wato jarrabawar ba ta da alaƙa da aikin, ko kuma akwai wata hanya mai inganci irin nata da ba ta kayar da mutane haka amma aka ƙi bin ta.

A wannan gaɓar ina tare da Kennedy, kuma dalilin ba ya buƙatar ilimin lauya. Mai saye da mai sayarwa suna da damar yin gardama a kan mudu yadda suka ga dama kafin a fara awo. Wanda ya bari aka gama auna hatsi, ya ƙirga, ya ga bai yi masa daɗi ba, sannan ya ce mudun ne ba daidai ba, zai sha wuya kafin a yarda cewa mudun ne damuwarsa. Birnin ne ya ɗauko kamfanin da ya tsara jarrabawar ya biya shi dala 100,000. Shi ya fitar da jerin littattafai, waɗanda kuɗinsu ya kai kimanin dala 500, ya ba mutane wata 3 su yi bita. Magidanta suka bar aikin gefe da suke ƙarawa da shi, suka ƙaurace wa iyali, bisa alkawarin cewa wanda ya fi maki shi zai samu. Ma'aikatan kamfanin sun bi motocin kashe gobara sun ga aikin da idonsu, sun yi hira da hafsoshi, kuma da gangan suka yawaita jin ta bakin baƙaƙe da 'yan Latin. Alƙalan jarrabawar baka 30 aka ɗauko daga wajen jihar, kashi biyu cikin uku nasu ba fararen fata ba ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yarjejeniyar ta tanadi kamfanin ya rubuta rahoton da zai nuna ingancin jarrabawar, amma da rigima ta tashi birnin bai nemi rahoton ba. Wanda ke tsoron jarrabawarsa ba ta auna aikin ba, wannan takardar zai fara nema. Mai shari'a Samuel Alito ya ƙara da cewa matsin lambar wani limamin coci mai faɗa a ji a siyasar birnin ne ya karkata gwamnatin magajin gari. Ko an karɓi wannan ko an ƙi, rashin neman rahoton ya isa ya raunana uzurin birnin.

Sai dai cewa birnin ya yi kuskuren soke sakamako bai nuna cewa jarrabawar ta zaƙulo waɗanda suka fi iya jagorancin kashe gobara ba, kuma nan ne masu murnar hukuncin suka zarce. An raba makin ne kashi 60 ga jarrabawar rubutu, tambayoyi 100 na canki-canka, kashi 40 ga ta baka. Daga ina 60 da 40 suka fito? Ba daga wani nazarin aikin laftana ba. Suna cikin yarjejeniyar da birnin ya ƙulla da ƙungiyar ƙwadagon 'yan kwana-kwana kusan shekara 20 kafin nan, kuma da aka ɗauko kamfanin an miƙa masa su a matsayin abin da ba a taɓawa. Duk ƙwarewar da kamfanin ya nuna, a cikin wannan keji ya nuna ta. Da aka kawo wannan magana gaban kotu, Kennedy ya ce tun da ɓangarori biyu ne suka yi ciniki suka amince, za a ɗauka suna da dalili mai ma'ana. Wannan zato bai dace da kotun da ta yanke shari'ar Griggs ba. Yarjejeniyar ƙwadago sulhu ce tsakanin masu ƙarfin faɗa a ji a lokacin da aka rubuta ta, kuma abin da take nunawa shi ne abin da suka iya jurewa daga juna. Ba ta gwada komai a kan wuta ba. Duke Power ma yana da dalilin da ya ga yana da ma'ana, na ɗaga darajar ma'aikatansa gaba ɗaya, kotu ta ce masa ya kawo shaida.

Dokar zaɓe daga ukun farko ta ƙara wa wannan rabon maki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Jarrabawar da aikinta shi ne raba wanda ya san aiki da wanda bai sani ba tana iya jure ɗan kuskure. Wadda za ta jera mutum 34 da suka ci jarrabawar laftana ɗaya bayan ɗaya, ta ce na 10 ya shiga na 11 ya koma gida, tana da'awar cewa tazarar maki ɗaya ko biyu tana nuna bambancin iya aiki na gaske, kuma babu wanda ya tabbatar da haka a New Haven. Aikin laftana kuwa sananne ne. Shi ke isa gaban gini mai ci da wuta, ya karanci hayaƙi da iska, ya yanke shawarar wa zai shiga ta ina, ya yi magana a rediyo ta yadda mutanen da ke cikin firgici za su ji su bi. Sanin littafi wajibi ne a nan, don wanda bai san yadda rufin katako ke ruftawa ba zai kashe yaransa. Amma natsuwa da kwarjinin ba da umarni ba a gane su ta zagaye harafi a takarda, kuma wakilin kamfanin da kansa ya yarda ba a tsara jarrabawar don auna su ba. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg, a hukuncin marasa rinjaye, ta nuna cewa wani bincike na 1996 ya gano kusan kashi biyu cikin uku na biranen da aka tambaya suna amfani da gwajin kwaikwayon aiki, inda ake sa ɗan takara gaban yanayi irin na gaske a ga yadda zai yi. Birnin Bridgeport, maƙwabcinsu a jiha ɗaya, ya fi ba jarrabawar baka nauyi, kuma an shaida wa hukumar New Haven cewa a can ana samun baƙaƙe da 'yan Latin a cikin hafsoshi.

Mai adawa zai ce jarrabawar rubutu ita ce garkuwar wanda ba shi da uban gida, kuma maganarsa tana da tushe. Aikin gwamnati a Amurka ya daɗe yana matsayin ganimar wanda ya ci zaɓe, har sai da wani mai neman muƙami da aka hana, Charles Guiteau, ya harbe shugaba James Garfield a 1881, aka kafa dokar Pendleton a 1883 wadda ta shigo da jarrabawa. Takarda ba ta san fuskar kowa ba, alhali alƙalin ganawar baka yana ganin launi, yana jin karin harshe, kuma a hukumar da fararen fata suka mamaye, baƙin mutum ne zai fi cutuwa da son rai. Amsar ita ce zaɓin bai tsaya tsakanin takarda da ganin dama ba. New Haven da kanta ta nuna yadda ake ɗaure jarrabawar baka: alƙalai daga wajen jiha da ba su san kowa ba, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, ma'aunin maki a rubuce, horo kafin a fara. Masu ƙarar ba su ce an zalunce su a wannan ɓangaren ba. Idan ana iya amincewa da shi ya ɗauki kashi 40, to mai cewa ba zai ɗauki 60 ko 70 ba shi ne ya kamata ya kawo dalili. Gaskiya ne irin wannan gwaji ya fi tsada, ya fi cin lokaci, kuma ba ya share tazarar da ke tsakanin jinsuna gaba ɗaya, rage ta yake yi.

Daga ɗaya gefen kuma za a ce na yi wa tarihi riƙon sakainar kashi. A farkon shekarun 1970 baƙaƙe da 'yan Latin sun kai kashi 30 cikin 100 na mutanen New Haven, amma kashi 3.6 ne kawai na 'yan kwana-kwana 502, kuma cikin hafsoshi 107 baƙin mutum ɗaya ne. Sai da aka je kotu ƙofa ta buɗe. Zuwa 2003 baƙaƙe sun kai kashi 30 na ma'aikatan, amma cikin kyaftin 21 ɗaya ne nasu. An kuma gaya wa hukumar cewa wasu sun samu littattafan tun kafin a fitar da jerin, ta hannun iyaye da kawunnai da suka yi aikin, yayin da wasu suka jira wata ɗaya da rabi kafin nasu su iso, a cikin wata 3 na bita. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tambayar ma'auni take da muhimmanci, domin jarrabawar da ta fi karkata ga haddar littafi tana ba da lada ga gidan da littafin ya riga ya kwana. Amma kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli an san ta kafin ranar jarrabawa, kuma tana da magani a lokacin: a raba littattafai kyauta, a buɗe ajin bita, a tsawaita wa'adi, a sake zama da ƙungiyar ƙwadago a kan 60 da 40. Kennedy ma ya faɗa a fili cewa doka ba ta hana mai aiki tunanin launin fata wajen tsara jarrabawa mai adalci kafin a ba da ita ba. Soke sakamakon bai ƙara wa baƙin mutum ko ɗaya girma ba. Hasali ma, guraben da suka buɗe daga baya da sun ba aƙalla baƙaƙe 3 da suka ci damar a duba su don laftana, su ma aka haɗa da su aka zubar.

Akwai kuma masu ganin ƙa'idar Griggs ce tushen fitinar. Mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta a wannan shari'ar cewa ko ba jima ko ba daɗe sai an yi karo tsakanin ta da tanadin tsarin mulki na daidaiton kariya, don tana tilasta wa mai aiki ya riƙa ƙirga launin fata. A watan Afrilun 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ce hukumomin tarayya su ja da baya daga aiwatar da ita, ko da yake dokar 1991 tana nan, kuma ma'aikaci na iya shigar da ƙara da kansa. Ba na musun cewa ma'aikata mai tsoro tana iya mayar da ƙa'idar rabon kaso a ɓoye, abin da New Haven ta kusa yi ke nan. Amma ƙa'idar ba ta ce sai sakamako ya yi daidai da ƙidayar jama'a ba. Alƙaluma suna buɗe tambaya ne kawai, kuma mai aikin da ya nuna gwajinsa yana auna aikin ya tsira ko da jinsi ɗaya ne ya cinye, sai fa in an nuna masa wata hanya mai inganci irin tasa ya ƙi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Boston ta wanke jarrabawar sajan ta 'yan sandan Boston a 2016 a kan wannan tushe, duk da tazarar da ke cikin sakamakonta. In aka cire ƙa'idar, babu sauran abin da zai tilasta wa wata hukuma ta bayyana daga ina alƙaluma irin 60 da 40 suka fito, kuma farin da ya iya aiki amma bai iya canki-canka ba shi ma ya rasa mai tambaya a madadinsa.

A Disambar 2009 aka ƙara wa 14 daga cikin masu ƙarar girma. A 2011 birnin ya amince ya biya su kimanin dala miliyan 2 da ƙarin fansho, ya kuma biya kuɗin lauyoyinsu kimanin dala miliyan 3, a kan jarrabawar da aka tsara da dala 100,000. Kennedy ya yi hasashen cewa hukuncinsa zai kare birnin daga ƙarar ɗaya ɓangaren, amma ba haka ta kasance ba. Michael Briscoe, baƙar fata, shi ya fi duka mutum 77 maki a jarrabawar baka ta laftana, amma da aka haɗa da ta rubutu bisa 60 da 40 ya faɗo na 24. Ya shigar da tasa ƙarar yana cewa da an ba ta baka kashi 70, da yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma. Kotun farko ta kore shi bisa cewa Kotun Ƙoli ta rufe babin, sai kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ƙarar a watan Agustan 2011, ta ce ba ya cikin shari'ar Ricci, don haka ba za a ɗaure shi da hukuncin da ba a ji ta bakinsa ba.